Ra'ayi: Darasin tsohuwar mazaɓar Kachia/Jema'a/Saminaka

A watan Yulin 1979, lokacin da aka yi zaɓen Majalisar Dattawa na Jamhuriya ta Biyu, mutumin Kafanchan da mutumin Saminaka sanata ɗaya suka zaɓa. Mazaɓarsu ita ce Kachia/Jema'a/Saminaka, ɗaya daga cikin biyar da tsohuwar Jihar Kaduna ke da su a zamanin da Katsina da Daura ke cikinta. Jacob Madawaki na jam'iyyar NPN ne ya lashe kujerar, a shekarar da jihar ta zaɓi Balarabe Musa na PRP ya zama gwamna.

Mazaɓar ba ta yi tsawon rai ba. Juyin mulkin 31 ga Disambar 1983 ya rushe majalisa, a 1987 aka cire Katsina daga Kaduna, kuma zuwa zaɓen 1992 an rage sanatocin kowace jiha daga biyar zuwa uku. A yau Saminaka, hedikwatar ƙaramar hukumar Lere, tare da Zariya take zaɓe a Kaduna ta Arewa. Kafanchan kuwa tana Kaduna ta Kudu mai ƙananan hukumomi takwas: Jema'a, Jaba, Kachia, Kagarko, Kaura, Kauru, Sanga da Zangon Kataf.

Daga 1999 wannan sabuwar mazaɓa ta tura mutum shida Majalisar Dattawa: Haruna Aziz Zeego, Isaiah Balat, Caleb Zagi, Nenadi Usman, Danjuma La'ah da Sunday Marshall Katung, kuma dukkansu a ƙarƙashin PDP aka zaɓe su. La'ah ne kaɗai ya yi wa'adi biyu. Masu zaɓen yankin sun yi ta sauya wakilai, amma iyakar da suke zaɓen a cikinta tana nan inda gwamnatin soja ta bar ta.

Waiwaye adon tafiya ne. Abin da tarihin tsohuwar mazaɓar ke nunawa shi ne, mutane ne ke shata iyakar mazaɓa, kuma an sha sauya ta idan hali ya sauya. Sai dai a wancan karo sojoji ne suka sauya ta da doka, ba tare da jin ta bakin masu zaɓe ba. Mulkin farar hula, wanda ke da hanyar yin haka bisa ƙa'ida, ya haura shekara 25 bai yi ba, yana amfani da taswirar 1996.

Sashe na 72 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya buƙaci yawan jama'ar mazaɓu ya yi kusa da juna gwargwadon iko. Sashe na 73 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta INEC alhakin sake duba su a tsakanin lokutan da ba su gaza shekara goma ba, ko bayan ƙidaya. Sashe na 74 ya ce sai majalisun tarayya biyu sun amince kafin sauyi ya fara aiki. Nan gizo ke saƙa: an faɗi mafi ƙarancin lokaci, ba a faɗi mafi yawa ba, kuma waɗanda za su amince su ne masu kujerun da za a taɓa. Ga shi rabon ƙasar da ƙidaya tun 2006, an kuma ɗage ta 2023.

Illar a fili take. Kaura ita kaɗai tana da kujera a Majalisar Wakilai, yayin da Kachia da Kagarko, duk faɗinsu, suke raba ɗaya. Ko wannan rabo ya dace da yawan jama'a a yau, ƙidaya ce kawai za ta raba gardama. Ayyukan mazaɓu da ake sakawa a kasafin kuɗi kuwa kujera suke bi, ba yawan kawuna ba.

Don haka ya wajaba gwamnatin tarayya ta tsayar da ranar ƙidaya, majalisa ta gyara sashe na 73 ta sanya wa'adin da ba za a wuce ba, INEC kuma ta saurari jama'a a Kafanchan da Kachia da Saminaka kafin ta ja layi. Hadiman 'yan majalisa da ke tsara ƙudurori, da ma'aikatan hukumomin zaɓe da ƙidaya, a teburinsu aikin zai fara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.