Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magina Tukwane Na Magarya Da Dungas

Iyayenmu mata da 'yan'uwa masu aikin yumɓu,

Roba da alminiyam sun cika kasuwanninmu, har wasu na ganin mafita ita ce a bar ginin hannu, a koma wa faifan juyi da shafen ƙyallin tangaran. Shawarata ita ce ku koyi sabon, amma ku ba kowace dabara aikin da ya dace da ita. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsatsafa, iska ta ɗauke danshin ta tafi da zafi. Ranar da aka shafe ta da ƙyalli, ƙofofin jikinta sun toshe, ta zama kayan ado. A kan wannan tsatsafar Mohammed Bah Abba ya gina dabararsa a Jigawa, maƙwabciyarku: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don kayan lambu su daɗe ba tare da lantarki ba. Ta kai shi ga lambar yabon Rolex a shekarar 2000. Wannan aiki ne da roba ba za ta taɓa ƙwacewa ba.

Za a ce ai Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, da tangaran ta yi suna. Gaskiya ne ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta dā, wato Suleja ta yau, a shekarar 1954, ta kuma koyi faifai. Sai dai manyan tukwanen da suka kai ta Ingila da hannu ta gina su, kamar yadda ta koya a ƙasar Gwari. Faifai ya fi hannu sauri wajen kofi da faranti masu girma ɗaya. Randa da tulu kuwa na hannu ne.

Za a kuma ce ƙyalli na ƙara kuɗi. To, a lissafa wuta. Tangaran na gaske yana son tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, alhali gashin fili da kara da kashin shanu bai kai nan ba, ga itace na tsada. Wanda ya nemi ƙyalli da ƙaramar wuta, sau da yawa dalma ake ba shi, ita kuwa tana narkewa cikin abinci mai tsami irin kunun tsamiya. Gubarta ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, wajen aikin zinariya.

Don haka ku fara gyara abin da ke hannu: a tace yumɓu, a daidaita kaurin jiki, a shanya a inuwa, a rage fashewa wajen gashi. Idan kun haɗu kun gina tanderu ɗaya na ƙungiya, sannan ƙyalli marar dalma ya shigo, a kan faranti, ba a kan randa ba.

Allah ya yi wa sana'a albarka. Wassalam.