Ɗan da ya ƙi girma a ciki: awo zai yanke hukunci, ko aljihu da tsoro?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa a Maraɗi ya san wannan zance. An yi wa mace hoton ciki a wata na takwas, likita ya ce jaririn ya yi ƙanƙanta, bai kai nauyin watanninsa ba. Nan take dangi su rabu gida biyu. Maigida, in mai abin hannu ne, ya ce a yi fiɗa gobe-gobe a huta, ko jikka nawa ne zai biya. Uwar miji kuwa ta rantse ba za a tsaga cikin surukarta ba, a ɗaura mata ruwan naƙuda ta haihu kamar kowace mace. Mai cikin tana kwance, ba wanda ya tambaye ta. Mu dai a ganinmu duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, kuma hukumar da ta bar su suna wannan gardama a cikin duhu ta fi su laifi.

Bari mu fara da kalmar nan "ƙanƙanta". Likitoci suna kiran jariri ƙarami idan nauyin da aka ƙiyasta masa ya faɗa cikin kashi goma na ƙasa, a tsakanin jarirai ɗari masu makonni irin nasa. Amma ƙanana iri biyu ne. Akwai wanda halittarsa ce haka, uwarsa gajera ubansa siriri, lafiyarsa lau. Akwai kuma wanda yunwa ce ke cin sa a cikin mahaifa, domin mabiyiya ta gaza isar masa da jini da abinci. Abubuwan da ke raunana mabiyiya ba baƙi ba ne a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi: zazzaɓin cizon sauro da ke maƙale mata a lokacin damina, hawan jinin masu ciki, ƙarancin jini, rashin abinci mai gina jiki, da cikin yarinyar da ita kanta ba ta gama girma ba. Na farko ba ya bukatar gaggawa. Na biyu, kowane mako da ya ƙara a ciki yana iya zama na ajalinsa.

Hoto guda ɗaya ba ya raba waɗannan biyu. Na'urar tana iya kuskuren kashi goma cikin ɗari na nauyi, ko fiye. Ga babbar matsala kuma: mata nawa ne a Jiratawa ko Tibiri suka riƙe ranar da suka ga al'adarsu ta ƙarshe? Hoton da aka yi a watannin ƙarshe yana iya kuskure shekarun ciki da mako uku. Ke nan jaririn da aka ce "ya ƙi girma" wataƙila bai isa ba ne kawai, kuma wanda ya yi gaggawar ciro shi ya mai da lafiyayyen ɗa bakwaini da hannunsa. Ɗan kasuwar da ba ya sayen buhun wake sai ya soka ya ga ƙwayar, yaya zai yarda a yanka matarsa a kan hoto ɗaya?

Abin da ke raba gardama shi ne awon gudun jini a igiyar cibiya, wanda ake kira dopla, tare da sauraren bugun zuciyar jariri da duba yawan ruwan da yake kwance a ciki. Idan jinin yana gudana daidai kuma ciki ya kai mako 37 zuwa sama, ana iya tayar da naƙuda. A ƙasar Holand an yi bincike mai suna DIGITAT, aka buga shi a 2010, a kan mata 650 da ake zaton jariransu sun tsaya da girma bayan mako 36. Aka tayar wa rabi naƙuda, aka jira sauran ana sa musu ido. Sakamakon jariran bai bambanta sosai ba, kuma a kowane ɓangare wajen mace 14 cikin ɗari ne suka ƙare da fiɗa. Sauran duk sun haihu ta hanyar da aka saba. To ina hujjar mai cewa ƙaramin jariri sai wuƙa?

Amma kada uwar miji ta yi guɗa tukuna. Idan awon ya nuna jinin cibiya yana tsayawa tsakanin bugu da bugu, ko ma yana komawa baya, wannan jariri ba zai jure naƙuda ba. Kowace murɗa ta mahaifa tana rage jinin da ke isa gare shi. Ƙosasshen ɗa yana jurewa, wanda ya riga ya galabaita sai ya shaƙe. A nan fiɗa ce hanya, sau da yawa ma tun kafin wata tara ya cika. Haka kuma idan ya zo ta ɗuwawu ko a gicciye, ko bugun zuciyarsa ya fara lalacewa. Dangin da suka ɗauke mace suka gudu gida don an ambaci fiɗa, su sani cewa tsoronsu ne ya yanke wa yaron hukunci.

Matan Holand ɗin nan, kada a manta, kowace da mai tsaronta da na'ura a kan cikinta, ɗakin fiɗa kuma yana nan kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa a tayar da naƙuda inda ake iya lura da uwa da ɗa, inda kuma ake iya yin fiɗa in ta ɓaci. Ruwan oksitosin da ƙwayar misoprostol magunguna ne masu ƙarfi. In aka zarce ƙima, mahaifa ta yi ta murɗa ba hutu har ta fashe. Ɗaura wa mace ruwan naƙuda a ɗakin da ungozomar asibiti ɗaya ke kula da mata da yawa cikin dare, ko a wurin da sai an nemi mota da kuɗin mai kafin a kai ta Maraɗi, caca ce da rai biyu. Tibiri da Jiratawa a bakin birni suke, amma ga jaririn da numfashinsa ke ƙarewa, rabin awa tafiya ce mai nisa.

Yanzu mu juyo ga Alhaji da kuɗinsa. Fiɗa tana barin tabo a mahaifa, kuma tabon nan ba ya tafiya. A Turai, inda mace ke haihuwa ɗaya ko biyu, abin da sauƙi. A nan kuwa, binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar sama da yara bakwai a rayuwarta, ta jahar Maraɗi sama da takwas. Yarinyar da aka yi wa fiɗa a cikinta na fari tana da ciki shida ko bakwai a gabanta, kowanne da haɗarin fashewar tabo da mannewar mabiyiya. Ba za a ƙara ba ta misoprostol ba. Kowace haihuwa tata dole ta kasance kusa da ɗakin fiɗa da jinin ƙari. Shin likitan da ya sa ranar aiki a gurguje ya gaya wa mijin wannan? Ko ya bar shi yana ganin ya saya wa iyalinsa haihuwar zamani, kamar yadda ake sayen sabuwar mota?

Kada a ce muna yaƙi da fiɗa. Wannan bincike na 2012 ya nuna ko haihuwa biyu cikin ɗari ba a yi ta hanyar fiɗa a ƙasar nan, alhali mata da yawa suna bukatarta ba sa samu. Abin takaici ke nan: mai bukata a ƙauye ba ta samu ba, marar bukata a birni an yi mata.

A watan Nuwamba na 2005, zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka yi dokar fiɗa kyauta a asibitocin gwamnati, a 2006 aka ƙara da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar. An yi tafi, kuma ya cancanta. Sai dai kowane ma'aikacin lafiya ya san yadda kuɗin da Baitulmali ya kamata ya mayar wa asibitoci suka yi ta makara shekara da shekaru, har kayan aiki suka yanke, aka koma miƙa wa dangi takardar sayen magani. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya kuma shi ne, an yafe kuɗin wuƙa, an manta da awon da zai nuna ko wuƙar ta wajaba. Mai kuɗi ya je kilinik ya biya hoto. Matar manomin Jiratawa sai tef ɗin awo da ƙahon saurare, in ma ta zo da wuri.

Muna kira ga Ministan Lafiya da hukumomin lafiya na jaha: duk macen da tef ya nuna cikinta bai kai watanninsa ba, a tura ta Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Maraɗi, a yi mata dopla ba tare da an nemi ko dala ba, a maimaita bayan mako biyu. A yi hoton farko tun ciki bai wuce wata huɗu ba, domin a san shekarunsa. Fansidar na masu ciki, aƙalla sau uku, da ƙwayar ƙarin jini da gidan sauro, kada su yanke a Tibiri a tsakiyar damina. Kai kuma maigida, kafin ka sa hannu a takarda, tambayi likita mako nawa cikin yake da yadda aka sani, me awon cibiya ya nuna, kuma wa zai zauna yana sauraren zuciyar yaron in an ɗaura ruwa. Ka yi tambayar a gaban mai cikin, ta ji amsar da kunnenta.