Kafin A Sauke Inji, A Nemi Hujja

Kalmomi uku ne ke hana mai mota barci a ƙasar nan: "inji ya buga". A watan Afrilun da ya gabata, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, na ji su da kunnena. Ina dawowa daga wurin aiki motata ta mutu daf da Ƙofar Ƙaura, na yi ta murza makulli inji ya ƙi juyawa. Bakaniken da aka kira bai ko taɓa sifana ba ya yanke hukunci: "Malam, sai an sauke." Ya ce in fara neman kuɗin injin Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ta Kano, kuɗin da ya ninka albashina.

Wani dattijon bakanike ne Allah Ya kawo mini. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya murza man a yatsunsa, ya duba a hasken rana. Sannan ya cire bel, ya ɗora sifana ya juya inji da hannu, sai ga shi yana juyawa sumul. Ashe kwamfuresar esi ce ta cije ta riƙe bel. Na ce, "Baba, yaya aka yi ka gane?" Ya ce, "Ɗana, inji ba ya mutuwa bai bar shaida ba."

Shaidun nan kuwa kowane mai mota zai iya koyon karanta su. Shuɗin hayaƙi daga salansa na nufin inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri, tare da raguwar ruwan lagireto ba tare da yoyo ba, alama ce ta ƙonewar gasket. Haka nan idan baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, kuma galibi ba ya buƙatar buɗe inji. Ƙyalƙyalin ƙarfe a cikin mai shi ne mugun labari, domin yana nuna metal ya fara cinyewa, musamman in akwai bugu mai nauyi daga ƙasan inji wanda ke ƙaruwa idan an taka totur.

Bayan ido da kunne sai awo. Akwai ɗan agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi domin auna matsin kowace silinda. A lafiyayyen inji, tazarar da ke tsakaninsu ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Idan ɗaya ta gaza, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa: in matsin ya tashi, ringi ne ya gaji, in bai tashi ba, a tuhumi bawul ko gasket. Idan silinda biyu maƙwabta suka gaza tare, gasket ɗin da ke tsakaninsu ne abin zargi. Ga kuma na'urar kwamfuta: tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can mahaɗar da ake karanta matsalar inji ta cikinta, kuma da yawan motocin da ke shigo mana ta Kwatano suna da ita. Sai dai na'urar nuni take yi, hukunci na mai ilimi ne.

Adalci shi ne mu ma mu karɓi namu laifin. Ba ma biyan bakanike ladan tunani, sai mun ga ƙarafa zube a ƙasa muke yarda an yi aiki. Wanda ya san bincikensa na awa biyu ba zai samo masa ko kuɗin abinci ba, me zai hana shi gaggawar kwancewa? Inji kuwa da zarar an buɗe shi, ciniki ya fita daga hannun mai mota: sabon gasket dole, kuɗin aiki dole, ko da an tarar lafiyarsa ƙalau. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, irin wannan kuskure na iya cinye kuɗin makarantar yara na shekara guda.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin bakanikai da makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su haɗa hannu wajen koya wa yaran gareji awo kafin kwancewa. Kai kuma mai karatu, ranar da aka ce maka sai an sauke, ka tambaya cikin ladabi: me aka gani, me aka auna? Ka biya kuɗin binciken da daɗin rai. Likitan kirki ba ya fara yanka kafin gwaji.