Majalisar Ghana: Wa Ke Da Ikon Kashe Ƙuduri?

A watan Janairun 2024 majalisar dokokin Ghana ta fara aiki da sabbin ƙa'idojin zama, waɗanda suka maye gurbin na shekarar 2000. A zango ba mu cika kula da irin wannan labari ba. To amma harajin da ake cire mana ta wannan ƙofa yake shigowa.

Ku tuna majalisar da aka zaɓa a 2020: NPP kujera 137, NDC 137, ga ɗan takara mai zaman kansa guda. Ranar 26 ga Nuwamba 2021 'yan NPP suka fice daga zaure, 'yan NDC suka yi watsi da kasafin kuɗin 2022 mai ɗauke da harajin E-Levy. Bayan kwana huɗu mataimakin kakaki na farko, Joseph Osei-Owusu, ya hau kujera, ya ce hukuncin bai inganta ba. Hujjarsa ita ce sashe na 104 na tsarin mulki yana buƙatar aƙalla rabin 'yan majalisa su halarta, 137 kuwa bai kai rabin 275 ba. Sai ya ƙirga kansa, aka cika 138, aka amince da kasafin. A Disamba har dambe aka yi a zauren. Sai a Maris 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mataimakin kakaki yana iya shiga lissafi, ya kuma kaɗa ƙuri'a ko yana jagorantar zama.

Abin da ya fi damuna shi ne na Fabrairun 2022. 'Yan adawa sun kawo ƙudurin a binciki kuɗin da aka kashe kan annobar korona. Kakaki Alban Bagbin ya karɓe shi, mataimakinsa ya kore shi da ya hau kujera, Bagbin ya dawo ya ce hakan ya saɓa doka. Ƙuduri ɗaya, hukunci biyu, gwargwadon wanda ke zaune.

Sabbin ƙa'idojin sun kawo alheri. An buɗe zaman kwamitoci ga jama'a, ana kiran suna don a san wanda ya zo, an kuma ware lokaci ga 'yan kujerun baya. Amma karɓar ƙuduri har yanzu tana hannun mai kujera. A ganina gyaran da ya rage shi ne duk ƙudurin da aka ƙi a rubuta dalilin ƙinsa, wanda aka karɓa kuma kada kowa ya kashe shi sai ƙuri'ar zaure, cikin wa'adi sananne.

Ɗalibai sun san Musulunci bai ɗauki shura wasa ba. Gabanin yaƙin Uhudu Annabi (SAW) ya fi son a tsaya cikin Madina, amma ya saurari sahabbai, ya bi ra'ayin masu son fita, kuma da ya sa sulke bai janye ba. An ji kowa, sannan hukunci ya tabbata. Kwamitocin masallatanmu ma, inda ciyaman ke cewa "wannan maganar ba yau ba" har shekara ta ƙare, sai su duba kansu.

Tun bayan zaɓen Disamba 2024 NDC ke riƙe da kusan kashi biyu bisa uku na kujeru. Waɗanda aka kore wa ƙuduri a 2022 su ne yau ke da adadin da zai rubuta wannan kariya, 'yan NPP kuma su ne ke buƙatarta.