Alkamar Yukren A Ƙasar Barno

Kwanan baya ina zaune wurin mai shayi a nan Wulari, sai gardama ta kaure a kan tsadar burodi. Wani dattijo ya ce shi bai ga abin da ya haɗa yaƙin Turawa da karin kumallonsa ba. To, Baba, ga amsar da ban sami sukunin ba ka ba a ranar.

Yukren ƙasa ce a gabashin Turai, faɗinta ya zarce murabba'in kilomita 600,000, watau kimanin kashi biyu cikin uku na Nijeriya. Babban birninta Kiyef yana bakin kogin Dnipro, wanda ya ratsa ƙasar har ya faɗa Bahar Aswad. Allah ya hore mata baƙar ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai albarka, inda alkama da masara da sha'ir ke yi ba kama hannun yaro. Manomin Marte zai tuna da firginsa, ko da yake ba iri ɗaya ba ne.

Amma albarkar gona ba ta hana ta wuya ba. A 1932 da 1933, zamanin Stalin, hukuma ta kwashe hatsin manoma, yunwa ta kashe miliyoyin mutane. Ta sami 'yancin kai daga Tarayyar Sobiyet a 1991. Ran 24 ga Fabrairu, 2022, Rasha ta auka mata, jiragen hatsi suka kasa fita daga Odesa, farashin alkama ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Mu kuwa galibin alkamar da muke ci sayo ta muke yi daga waje. Faɗuwar darajar naira ta zo ta ƙara wa Barno dawaki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2024. Ƙasar nan da ke cikin yaƙi ita ce ta aiko da gudummawar alkama tan 25,000 ta hannun Hukumar Abinci ta Duniya, domin mutanen arewa maso gabas da rikici ya ɗaiɗaita. Mun gode, amma da kunya. Tun 1973 aka kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi, aka haƙa magudanan ruwa a Sabon Marte don noman alkama da shinkafa. Tafki ya janye, daga baya rikici ya kori manoman.