Gero, Zomo Da Ɗakin Bincike

Mai karatu ya san gero da dawa, amma ba lalle ba ne ya san akwai wani ɗan sinadari a cikin ƙwayarsu mai hana jiki cin moriyarsu sosai. Masana suna kiransa fayitet, watau sinadarin inositol ne da fosfet shida suka manne masa. Idan ya shiga ciki sai ya riƙe sinadarin ƙarfe da zink, su fita tare da shi, jini bai samu rabonsa ba. Ga gidan da tuwo da fura ne cimarsa safe da dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman ga mai juna biyu da yaron da aka yaye.

Fayitet ba daga sama yake faɗowa ba. Waɗansu sinadarai masu gaggauta aiki, da ake ce wa enzayim, su ke ɗora fosfet ɗin ɗaya bayan ɗaya, wani kuma ya kwance su. Jiƙa hatsi da barin gasara ta yi tsami, abin da mata suka gada tun kaka da kakanni, yana ta da mai kwancewar ne. A 2003 masana a Amurka suka nuna cewa wata masara mai ƙarancin fayitet ta samu haka ne domin ɗaya daga cikin masu ɗorawar ya lalace.

To, yaya za a gane enzayim guda cikin dubbai? A nan ake bukatar antibodi, watau makamin da jini ke ƙerawa don ya cafke baƙo. Sai a yi wa zomo allurar ɗan guntun enzayim ɗin, bayan makonni a ɗebi jininsa a tace. Abin da aka samu ya zama kamar karen farauta da aka shinshina wa ƙafar barewa: shi kaɗai zai bi, ya manne masa, a gan shi da launi. A 1975 Köhler da Milstein suka gano hanyar samar da iri ɗaya tak a Kambirij ta Ingila, aka ba su lambar Nobel a 1984.

Abuja ba ta rasa wuraren irin wannan aiki ba. Ga Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa a Idu, ga Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda a yankin Kwali. Amma fa galibin antibodin bincike daga Turai ko Amurka ko Sin ake sayo shi, da dala ɗaruruwa, a kwalbar da ba ta wuce ɗigo biyu ko uku ba. Tilas ya zauna cikin sanyi daga jirgi har firji. Wuta ta ɗauke kwana biyu, kuɗin ya bi ruwa. Kamfanonin kuwa sun fi ƙera na mutum da na ɓera, domin can ne ciniki yake. Na gero sai an tona.

Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta ware kuɗi a riƙa haɗa na hatsin ƙasar nan a gida. Zomaye dai ana kiwonsu a ƙauyukan da ke kewaye da Abuja.