Kada tsarin ci gaban jami'a ya tafi da shugabanta

Kusan kowace jami'ar gwamnati a Najeriya tana da kundin tsarin ci gaba na shekara biyar ko goma, mai bango mai sheƙi da hoton shugaba a shafin farko. Amma idan aka zo rabon kuɗi, ba kasafai ake buɗe shi ba.

Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara 5. Sabon shugaba yakan zo da nasa buri, ya kafa sabon kwamiti, aikin na baya kuma ya tsaya inda ya tsaya. A ganina majalisar gudanarwa ce ya kamata ta riƙe kundin, ta tambayi duk mai neman kujerar yadda zai ƙarasa abin da ya tarar.

Tun 2011 asusun TETFund yake gina ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje, kuma babu mai musun amfaninsa. Sai dai asusun ba ya biyan albashi, ba ya biyan kuɗin lantarki. Gini kuwa yana cin kuɗi kowane wata. Da aka ƙara farashin wuta ga rukunin Band A a Afrilun 2024, jami'o'i da dama sun koka. Ko tashar hasken rana da aka ƙaddamar a Jami'ar Bayero a 2019, wata rana baturanta za su buƙaci canji. Tsari na gaskiya shi ne wanda ya faɗi wa zai biya, kuma daga wane aljihu.

Haka batun buɗe sababbin sassa. Kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya, a ƙirga malamai nawa ake da su, nawa ne za su yi ritaya, gado nawa ne a ɗakunan kwana. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ma ya isa ya sa kowane kundi ya tanadi abin yi idan zangon karatu ya rushe.

A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na shekara 7. Kafin wa'adin ya cika, hukumar NUC ta wajabta wa kowace jami'a ta riƙa wallafa rahoto duk shekara, na abin da ta alkawarta da abin da ta cika, inda iyaye da ɗalibai za su iya karantawa a wayarsu.